Yadda ake raya kututture ya sake zama bishiya a gona

Bishiyar da aka sare, ko wadda wutar daji ta lashe, ba lallai ba ne ta mutu, domin saiwarta tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, riƙe da abincin da ta tara, shi ya sa kalgo da sabara da magarya suke sake tohowa kowace shekara duk da saran da suke sha. A kan wannan aka gina aikin da manoman Maraɗi suke kira sassaben zamani, wanda Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostareliya, ya fara yaɗawa tare da su a 1983, kuma an ƙiyasta cewa ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar.

Ana farawa ne lokacin sharar gona, kafin saukar ruwa. Manomi ya zagaya gonarsa ya zaɓi kututturan da zai raya, sannan a kowane ɗaya ya bar tsiro uku zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, ya datse sauran, saboda idan aka bar su duka za su raba ƙarfin saiwa ɗaya, su tsaya a matsayin kurmi maras tsayi. Waɗanda aka bari a rage musu rassan gefe har zuwa rabin tsayinsu kawai, kada a aske su tas, don da ganyen da ya rage suke haɗa abinci.

Yadda ake yankan yana da muhimmanci ƙwarai. A yi amfani da adda ko gatari mai kaifi, a sara daga ƙasa zuwa sama, domin saran da ya gangaro yakan yage ɓawo ya buɗe wa gara da cuta ƙofa. Bayan 'yan watanni a dawo a cire sabon tohon da ya fito a gindi.

Abin da ya fi wuya shi ne kariya. A janye kara da busasshiyar ciyawa daga gindin kafin a cinna wa shara wuta, a ɗaura tsumma a jikin tsiron don masu neman itacen girki su san da mai shi, kuma a yi magana da makiyaya da mai gari tun da wuri, domin awaki ba su san alama ba.

Gawo kuwa a yi masa haƙuri. Shi da damina yake zubar da ganye ya tsaya kamar busasshe, sai da rani ya yi kore, saboda haka kada a sare shi da zaton ya mutu. Rashin ganyen ne yake barin rana ta kai ga geron da ke ƙarƙashinsa, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne a lokacin da ciyawa ta ƙare.