Ka cire mota daga caji ta ƙi tashi? Ga inda zaka fara dubawa

Abin akwai cin rai wallahi, ka kwana kana caji, da safe allo ya nuna maka batir ya cika dam, ka danna maɓalli mota tace bata san zance ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 masu sayen motar lantarki ƙaruwa suke, amma da yawa basu san batir biyu ne a cikinta ba. Akwai babban da ke ƙasan mota mai wajen volt 400 (wasu irin su Ioniq 5 da Kia EV6 har 800), shi ne yake juya taya, sannan akwai ƙarami mai volt 12 irin na motar fetur sak. To wannan ƙaramin shi yake tada kwamfutar motar, kuma shi yake jan makunnin da ke haɗa babban batir da sauran jikin mota. In ya mutu, ko babban yana kan 100 ba inda zaka je.

Amma kafin mu zo kansa fara da na banza tukuna. Ka tabbata filogin caja ya fita gaba ɗaya kuma murfin wajen cajin ya rufu, domin an ƙera motar ne yadda ba zata shiga giya ba matuƙar tana jin waya a jikinta, don kar ka ja ta ka tsinke cajar. In kan cajar ya maƙale kar ka fizga, danna buɗe ƙofa a rimot sau biyu ko uku, yawanci sakinsa take. Ya ƙi? akwai 'yar igiya ta gaggawa da ake ja da hannu, wasu a but take wasu a ƙarƙashin bonet, littafin motarka zai nuna maka, amma ka kashe wutar soket ɗin kafin ka ja. Sai giya tana kan P, ka taka burki sosai sannan ka danna. Kar kuma ka tsaya jiran ƙarar inji, babu ita, in ka ga READY a allo mota ta tashi kenan. In ta ce bata ga makulli ba to batirin rimot ne, ɗan faifan nan CR2032 ne a mafi yawansu, kafin ka sayo sai ka danna maɓallin tashin da jikin rimot ɗin, motoci da yawa suna karɓa a haka.

Duk wannan bai yi ba, to mu koma kan ƙaramin batir. Alamarsa bata ɓuya, fitilar ciki tayi dishi-dishi, allo yana kawowa yana ɗaukewa ko ya dinga jero maka gargaɗi barkatai, ABS, burki, sitiyari duk a lokaci ɗaya har hankalinka ya tashi ka ɗauka motar ta gama yawo, alhali wuta ce kawai bata isar kwamfutocin. Samo mita mai auna volt ka auna kawunan ƙaramin batirin, mota tana kashe. Wajen 12.6 lafiya lau, in ya sauka ƙasa da 12 ya yi sanyi. Girgiza kawunan ma, wani lokaci sakwarkwacewa ce ko farin garin nan da ke taruwa a kai, sifana mai lamba 10 da buroshi sun gama aikin. Zafin su Kano da Maiduguri a watan Afrilu cin batir yake ba kaɗan ba, balle motar da ta daɗe a jirgin ruwa da tashar jiragen kafin ta zo hannunka.

Ana yi mata jam kamar kowace mota, jar waya a kan +, baƙa a jikin ƙarfen mota, ka bari 'yan mintuna sai ka danna. Bata buƙatar ƙarfi irin na juya sitata, tada kwamfuta ne kawai. Da ta nuna READY cire wayoyin ka barta a kunne kamar rabin awa. Kuma a nan ne zaka sake aunawa, wannan awon ya fi na farko muhimmanci a wurina: in mita ta nuna wajen 14, na'urar da ke ɗebo wuta daga babban batir tana zuba wa ƙarami tana aiki, batirin ne ya tsufa ka canza shi. In kuwa ta tsaya a 12 tana sauka, na'urar ce ko fiyus ɗinta, ko ka sa sabon batir shanye shi zata yi. Hyundai da Kia sun yi kiranyen motoci a Amurka a 2024 saboda irin wannan matsalar a na'urar da suke kira ICCU, mai irinsu ya bincika ko an gyara tasa kafin a kawo ta.

Masu caji da janareto ko wutar NEPA mai hawa da sauka, wani lokaci motar kan riƙe kuskuren da ta gani lokacin caji. Kashe ta, fita ka kulle, ka yi nisa da rimot kamar minti goma ta yi barci, sannan ka dawo ka gwada.

Don Allah kar ka tara yaran unguwa su tura, ba ta tashi da turi. Kar kuma a ɗaura mata igiya a ja ta taya na ƙasa, injin lantarkin da ke haɗe da tayoyin juyawa yake yana haifar da wuta, zaka iya ƙona abin da ya fi kuɗin ɗaukarta tsada, a ɗora ta kan babbar mota. Wayoyin nan masu launin ruwan lemo na babban batir kuwa ko mai wayarin ɗinku da ka yarda da shi kar ya taɓa in ba horo ya samu a kansu ba, wutar cikinsu kisa take. In ka ji ƙauri, ko ruwa ya shiga ƙasan motar da damina, ko gargaɗin babban batir ya ƙi gogewa bayan ƙaramin ya cika, ɗauki hoton allon ka tura wa mai na'urar karanta kwamfutar mota, ka gaya masa adadin da mita ta nuna maka a kashe da kuma a kunne.