Yadda Ake Daidaita Iska da Zafi a Injin Busar da Kaya Mai Bel

A injin busarwa na masana'anta, bel mai ƙananan huji kamar rariya ne ke ɗauke da kaya yana ratsa ɗakuna masu zafi ɗaya bayan ɗaya. Zafi ne ke mayar da ruwan jikin kayan tururi, amma iska ce ke kwashe tururin ta fita da shi. Shi ya sa ƙara wuta ya kamata ya zo a ƙarshe idan kaya suka fito da danshi, ko da yake nan ne hannun ma'aikaci ya fi saurin kaiwa.

Da farko a duba shimfiɗar kayan a kan bel. Iska tana bin inda ya fi mata sauƙi, saboda haka idan tsakiya ta yi tudu, gefuna suka yi shara-shara, ta gefe za ta zurare, gefen ya ƙone, tsakiyar ta fito a jiƙe. A baje kayan da kauri ɗaya, a kuma share hujin bel da matatun da ƙura ta toshe.

Bayan haka a auna gudun iska a hagu da tsakiya da dama na kowane ɗaki. A yawancin injina gudun yakan tsaya tsakanin rabin mita da mita 1.5 a daƙiƙa. Idan aka ga gutsattsarin kaya suna tashi suna barin gurbi a shimfiɗar, iskar ta yi yawa. Wannan ne ma dalilin da ya sa ake hura ta daga ƙasa a ɗakunan farko, inda kayan suke da nauyin ruwa, sannan daga sama a na baya, inda suka yi sakayau.

Sai an gama da iska ake taɓa zafi, kuma ba a yi wa ɗakunan kuɗin goro. A ɗakin farko saman kayan a jiƙe yake, kowane kilo na ruwan da ya tashi yana shanye zafi kimanin kilojul (ma'aunin yawan zafi) 2,300, don haka kayan ba sa yin zafi kamar iskar da ke kansu, kuma suna iya jure wuta mai ƙarfi. Sai dai idan aka wuce gona da iri, bayansu yakan yi ɓawo ya kulle ruwa a ciki. A ɗakunan ƙarshe kuwa ruwan daga can ciki yake fitowa sannu a hankali, ƙarin iska ba ya gaggauta shi, kuma zafin kayan yana matsowa kusa da na iskar. A nan a rage wuta, a rage fanka. Rage gudun fanka da kashi 20 cikin 100 yana rage wutar lantarkin da take sha da kusan rabi.

Daga nan a daidaita ƙofar fitar da iska. Idan ta buɗe da yawa, zafin da aka kashe kuɗi a kansa ne ke fita a banza. Idan ta tsuke, iskar ciki za ta ƙoshi da laima ta daina ɗaukar ruwa.

Kowane gyara a yi shi shi kaɗai, a jira aƙalla tsawon lokacin da kaya ke ɗauka daga shiga zuwa fita, sannan a ɗebi samfuri a wurare uku na faɗin bel a auna danshinsa. Idan duka ukun sun jiƙe daidai wa daida, a fara da rage gudun bel kafin a ƙara ko da digiri ɗaya.