Yadda ake kallon tseren motoci a filin Knoxville har ka fahimce shi

Yawancin masu fara kallon tseren filin ƙasa marar kwalta motar da ke gaba suke zuba wa ido, bayan zagaye goma su ce abin ba daɗi, zagaye ne kawai. Daga nan aka kuskure.

Da farko ka san filin. Knoxville ƙaramin gari ne a jihar Iowa ta Amurka, filin kuma rabin mil ne na baƙar ƙasa, an yi shi ne tun asali don sukuwar dawaki. A 1901 aka fara tseren mota a kansa, tseren mako-mako ya kankama a 1954, babbar gasarsu ta watan Agusta, Knoxville Nationals, ta fara a 1961. Direba Steve Kinser ya ci ta sau 12.

Na biyu, ka bambance rukunonin. Duk motocin, waɗanda ake kira sprint cars, kamarsu ɗaya, ga ƙaton fiffike a sama, amma lambar da kake ji girman inji ce. Rukunin 410 su ne manya, injinsu na kaiwa ƙarfin doki kusan 900 a mota marar nauyi. Sai 360, sai Pro Sprints, ƙanana masu sauƙin kuɗi. Ni dai na ce ka fara da 360, domin 410 sun fi ƙarfin idon sabon shiga. Kada ka yi mamaki ka ga ana tura su da wata mota kafin su tashi, ba su da sitata.

Na uku, nan ne aikin yake: ka kalli ƙasar. Da yamma an shayar da ita, tana da danshi, taya na kamawa ko'ina. Can dare ya yi nisa sai tsakiyar hanya ta bushe ta yi baƙi tana sheƙi, santsi kamar an shafa mai. Lakar da tayoyi suka watsa kuma tana taruwa a gefen waje ta zama tudu. Wani direban zai jingina tayar baya ta dama a wannan tudu, hanya ta yi tsawo amma gudu ya ƙaru, wani ya liƙe a gefen ciki inda sauran danshi yake. Duk zagaye tudun na matsawa kusa da katanga. Ka zaɓi motoci biyu, ɗaya a gefen waje ɗaya a gefen ciki, ka bi su a kwana ta ɗaya da ta biyu kawai. Tayar baya ta dama ta fi ta hagu girma, shi ya sa motar ke karkata hagu da kanta.

Sauran tsari ne: gwajin lokaci, ƙananan tsere na tantancewa, tseren neman gurbi, sai na ƙarshe. Tashar intanet ta DIRTVision na nuna su, amma na kuɗi ne, ga cin data, kuma daren Asabar ɗinsu wajen ƙarfe ɗayan dare ne a Kano. Ka bari gari ya waye ka kalli taƙaitaccen a YouTube.