Tsagewa daban, fashewa daban: kurakuran da aka fi yi da kalmar "crack" da 'yan uwanta

Kalmar "crack" harafi biyar ce kacal, amma ɓarnar da masu koyon Turanci da sababbin masu fassara suke yi da ita ta isa a zauna a yi magana. Kuskure iri ɗaya ake ta maimaitawa, a takardar jarrabawa, a labaran rediyo, har a bakin wanda aka roƙa ya yi wa mara lafiya tafinta a asibiti. Tushen abin kuwa ɗaya ne: mutum ya haddace cewa ma'anarta "fashewa", ya rufe ƙamus, bai sake waiwayarta ba.

Ɗauki tulu. In ya suɓuce ya faɗi ya tarwatse, kana tsintar sakaina a ƙasa, Bature zai ce "it broke", in ya yi ratata ya ce "it shattered". In kuwa wani siririn layi ne ya fito a gefensa, ruwa yana tsattsafowa a hankali amma tulun yana nan zaune a gindinsa, to nan ne ake cewa "it cracked". Mu tsagewa muke kiran wannan. Haka gilashin waya: wanda ya ce "my screen is cracked" wayarsa na iya kasancewa tana aiki lafiya lau, zanen tsaga ne kawai a fuskarta. Babbar ƙararrawar nan ta Landan da ake kira Big Ben ta tsage tun 1859, aka ɗan juya ta, aka sa mata guduma mara nauyi, kuma har yau da wannan tsagar take bugawa. Da fashewa ta yi, da ba mai jin sautinta.

Ni dai dabarata kafin in zaɓi kalma ita ce in tambayi kaina: abin yana nan guda ɗaya, ko ya rabu? In yana nan guda, "crack". In ya rabu gida biyu ta tsawonsa, kamar itacen da aka faskara ko wandon da ya dare a ɗinki, "split". In ya zama gutsattsari, "break". Abin da ke rikita mutane shi ne ƙwai da kwakwa, domin Bature yana cewa "crack an egg", mu kuma mu ce fasa ƙwai. Ɓawon yake dubawa, mu kuma abin da ya fito daga ciki. Wannan togaciya ce ta abubuwa masu ɓawo, kada a shimfiɗa ta a kan randa da taya da bututun ruwa. Taya da bututu "burst" suke yi.

Tunda an taɓo "split", a daina rubuta "splitted". Babu ita. Jiya da yau da wanda aka riga aka yi duk "split" ne. Ita kuwa "crack" tana ɗaukar "cracked" ba gardama.

Yanzu ga inda raina yake ɓaci, domin nan ba maki ake rasawa ba, lafiyar mutum ake wasa da ita. Akwai kalmomi biyu da suka yi kama a ido, "fissure" da "fistula", kuma ana cakuɗa su kamar abu ɗaya. Ko kusa. Ta farkon daga kalmar Latin mai nufin tsagawa ta fito, kuma ita ce kalmar da likitoci da masana ƙasa suke amfani da ita a madadin "crack", ga tsaga mai tsawo, siririya, mai zurfi. Ta biyun a Latin bututu take nufi, wato wata hanya ce da ta ɓulle tsakanin wurare biyu na jiki da bai kamata su haɗu ba. Yoyon fitsarin da doguwar naƙuda ke jawo wa mata, wanda ake aikinsa a cibiyar Babbar Ruga ta Katsina, "fistula" ne. To ka duba girman abin in likita ya rubuta "anal fissure", mai tafinta ya juya ya gaya wa dangi cewa 'yarsu ta kamu da yoyo. An tayar da hankalin gida a banza, wataƙila har magana ta kai kunnen miji da surukai.

"Anal fissure" 'yar tsaga ce a fatar bakin dubura, mafi yawa busasshen bayan gida mai tauri ne ke jawo ta. Alamarta zafi kamar yankan reza lokacin bayan gida, raɗaɗin ya ɗauki lokaci bayan an gama, sai ɗan jini ja wur. Da yawa suna warkewa cikin 'yan makonni in aka yawaita shan ruwa da ganye da kayan marmari, aka bi abin da likita ya rubuta. "Anal fistula" kuwa yawanci ƙurji ne ya fashe ya bar hanya daga ciki zuwa fatar waje, tana ta tsiyayar mugunya, kuma galibi sai an yi aiki. Sannan ga ta uku, basir, wanda Turancinsa "piles" ko "haemorrhoids", shi kuma jijiyoyin jini ne suka kumbura. Cuta uku, magani uku. Amma mu duk abin da ya taɓa wannan waje sai mu ce basir, sai mai fassara ya bi yarima a sha kiɗa, mara lafiya ya fita ya nufi mai maganin basir a bakin kasuwa, ya sha abin da zai sa shi gudawa ya ƙara tsaga wurin. In ba ka da tabbacin kalmar da likita ya faɗa, ka ce ya rubuta maka ita a takarda, ka ƙirga haruffanta. Ba abin kunya ba ne. Ka lura kuma da furuci: "fissure" ana faɗinta kamar "fisha", daidai da yadda ake faɗin "fisher", ba "fisuwa" ko "fishiyo" ba.

Ƙashi ma haka. Likita ya duba hoto ya ce "there is a crack in the bone", sai mai rakiya ya ce, "Alhamdu lillahi, ba karaya ba ce." Wa ya gaya maka? A wurin likita tsagewar ƙashi da karyewarsa duk sunansu "fracture". Siririyar tsagar da ake kira "hairline fracture" ita ma tana buƙatar a hutar da gaɓar na makonni, wani lokaci a ɗaure ta, in ba haka ba tsagar ta ƙarasa. Hausa ta riga ta rarrabe targaɗe da gocewar ƙashi da tsagewa da karaya, to don me za a zo wurin fassara a dunƙule su? Targaɗe "sprain" ne, gocewa "dislocation", sauran biyun 'yan gida ɗaya ne.

Masu fassarar labarai, ku ma ku matso. Jaridun Najeriya suna son rubuta "a crack team of detectives". Ba rundunar da ta tsage ba ce, ba kuma ta fasa ƙofofi ba. A gaban suna irin wannan, kalmar tana nufin gwanaye, zaɓaɓɓu. Ka ce zaratan jami'an bincike, ka wuce. "Crack down on" kuwa dirar mikiya ce, ko matsa lamba da ƙarfin hukuma, kuma in za a ambaci wanda aka dirar wa, dole "on" ta biyo baya: "the police cracked down on smugglers". In aikatau ce kalma biyu ake rubutawa, in suna ce a haɗe, "a crackdown". Wanda ya rubuta "the police crackdowned" ya ƙirƙiro abin da babu.

Sai saɓani tsakanin mutane. In 'yan jam'iyya sun fara 'yar tsama amma ba a raba gari ba, Turanci zai ce "cracks are appearing in the party", kuma wannan ya yi daidai da hoton da ke cikin karin maganarmu, cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In abin ya fito fili, ɓangare biyu ba sa ga maciji, "rift" ke nan, wato ɓaraka, kuma "between" ko "within" ke bin ta. In kowa ya kama gabansa, an kai "split". Mataki uku ne, kuma mai fassarar da ya sa "jam'iyya ta dare gida biyu" a inda aka rubuta "cracks" ya riga labarin isa inda bai je ba. "Rift" ɗin nan ita ce a sunan Rift Valley, dogon kwarin da ya ratsa Habasha da Kenya da Tanzaniya, inda ɓawon ƙasa yake darewa a hankali. Sunan wuri ne, a bar shi yadda yake, haka ma a sunan "Rift Valley fever", zazzaɓin dabbobin da aka fara ganewa a Kenya a 1931.

Ga magina da masu rubuta rahoton gini: "a crack in the wall" ake cewa, da "in", domin tsaga cikin bango take shiga. Kuma kalmar ita kaɗai ba ta gaya wa injiniya komai, sai ka faɗi faɗinta. Ma'aunin da hukumar binciken gine-gine ta Ingila ta fitar ya kasa tsaga kashi shida. Wadda ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba ita ce "hairline", kwalliya kawai ta ɓata. Kashi biyu na gaba, har zuwa milimita 5, cikewa ake yi a shafe. Daga 5 zuwa 15 sai an buɗe an gyara, daga 15 zuwa 25 ana maganar rushe wani sashe a sake, abin da ya haura 25 kuwa ginin kansa ne ke cikin haɗari. Ni ina ganin duk rahoton da ya ce "big crack" ba tare da lamba ba, a mayar wa mai shi ya ɗauki ma'auni ya koma, ya kuma rubuta ko a tsaye take, ko a kwance, ko a karkace.

Sauran ƙanana ne. "Crack a joke" barkwanci ne, ba a cewa "break a joke". "Crack a code" warware sirrin rubutu ne, kamar yadda aka yi wa na'urar Enigma ta Jamus a Bletchley Park lokacin yaƙin duniya na biyu. "At the crack of dawn" da asubar fari. "He cracked up" ko dai ya tuntsire da dariya, ko damuwa ta fi ƙarfinsa ya zare, sai ka duba jimlar da ke kewaye. A matatar mai "cracking" ba haɗari ba ne, aikin farfasa mai nauyi ne da zafi a mayar da shi fetur, don haka kada a sa wa labarin kanun cewa matata ta tsage. "Crack" ita kaɗai a labarin miyagun ƙwayoyi nau'in hodar iblis ce da ake zuƙa, sunan ya samo asali daga ƙarar da take yi in an ɗora mata wuta. Fason hunturu "cracked heels" ne. Jaririn da aka haifa da tsagaggen leɓe kuwa "cleft lip" ake cewa, "cracked lips" bushewar leɓe ce ta sanyi wadda man kaɗanya ke magancewa. "Crevice" ɗan matsatsin tsagar dutse ne inda kunama ke ɓuya, ana danna gaɓar farko wajen faɗa. "Crevasse" wawakeken rami ne a tsaunin ƙanƙara wanda zai haɗiye mutum da kayansa, ita kuma gaɓar ƙarshe ake dannawa.