Yadda za ka gane tarkon tallan sigari a shago kafin ya kama maka yaro

Iyaye da yayye, duk sanda aka ce yaro ya fara busa sigari abokai muke ɗora wa laifi, kuma eh suna da nasu kason, amma fa akwai inda yaro yake ɗaukar darasi kullum ba wanda ya lura, wato bayan kantar mai shago. Ƙasashe da yawa sun hana tallan taba a rediyo da talabijin da allunan kan titi, to kamfanonin ai ba naɗe hannu suka yi ba, shago suka koma da kuɗinsu. A Amurka inda dole ne su bayyana abin da suke kashewa kan talla, mafi yawan biliyoyin dalolin nan a shaguna suke ƙarewa, musamman wajen ragin farashi. Kuma alƙaluman can sun nuna kusan 9 cikin 10 na manyan da ke sha kullum sun ɗanɗana ne tun ba su wuce shekara 18 ba, kun ga kuwa ba sai an faɗa muku wa ake nema ba.

Abu na farko, ka shiga shagon da yaranka suka fi zuwa, ka ɗan rage tsawo ka duba daga inda idon ɗan shekara 12 yake kaiwa. Ina aka jera kwalayen? Yawanci daidai wajen biyan kuɗi ne, inda dole kowa ya tsaya yana jiran canji, an jera su reras launi-launi, wani lokacin har da fitila a bayansu, ga alewa da cingam a gefe kamar duk kaya ɗaya ne. Ka duba sitika a jikin ƙofa, agogon bango, lema, ko durowar da kamfani ya ba mai shago kyauta mai kalar kwalinsu. Ko ba a rubuta sunan sigarin ba kalar kaɗai ta isa, yaro ya riga ya haddace ta.

Aikin da wannan jerin yake yi a hankali yake yinsa. Ba wai yaro zai gani yau ya saya gobe ba, a'a, ganin yau da gobe ne yake sa ya ɗauka sigari kaya ne kamar sabulu, ya ɗauka kowa ma sha yake, kuma samunsa ba wuya. Ranar da aboki ya miƙo masa kara ɗaya ba baƙon abu ne aka miƙo masa ba, har sunansa ya sani. Rahoton babban likitan gwamnatin Amurka na 2012 ƙarara ya ce talla na sa matasa su fara sha.

Sai ka kula da abu biyu da suka fi cin yara: sayar da kara ɗaya-ɗaya, don kuɗin da ke aljihun ɗan makaranta ba zai sayi kwali ba amma zai sayi kara, da kuma masu ɗanɗano, irin mai sanyin mentol ɗin nan da ke rage ƙaiƙayin maƙogwaro har zuƙar farko ta wuce ba tari sosai. Tarayyar Turai ta hana sigari mai mentol a 2020. Sigarin lantarki ma ta wannan hanyar ake tallansa, har ya fi iya kwalliya.

Yanzu maganar da za ka yi da yaron, nan ne yawancinmu muke kwafsawa. In ka fara da kansar huhu wallahi ba ji zai yi ba, ɗan shekara 15 gani yake tsufa da ciwo na wasu ne. Amma matashi ya tsani a raina masa wayo, to ta nan za ka shiga. In kun fito daga shago ka tambaye shi, "Kai a ganinka me ya sa aka ajiye su kusa da alewa? Wa ya biya kuɗin fitilar can?" Ka bar shi ya lalubo amsar da kansa, kar ka mayar da abin wa'azi, minti biyu ya isa, wata rana ku sake. Kuma don Allah ko kai mai sha ne kar ka aiki yaro sayo maka, kai da kanka kake koya masa sunan kaya da yadda ake tambaya.

Mai shago kuma ba da faɗa za ka je masa ba, shi ma sana'a yake kuma wataƙila yana da yara. Ka roƙe shi ya mayar da kwalayen ƙarƙashin kanta ko cikin durowa mai murfi, ya raba su da kayan yara, ya daina ba ƙanana ko da sun ce aiko su aka yi. Mai sha ai ya san abin da ya zo saye, ba sai ya gani ba. In kuka je ku uku ko huɗu cikin masu ciniki da shi maganar ta fi nauyi.

In ya ƙi, ka binciki dokar ƙasarku. Yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taba ta fara aiki a 2005, ƙasashe sama da 180 suna cikinta, sashe na 13 kan hana talla yake, na 16 kan sayar wa yara, kuma ƙa'idojinta sun ce baje kwalaye a shago shi ma talla ne. Ayislan ce ta fara hana bajewar a 2001, Tailan ta bi a 2005, Ingila ta hana na manyan kantuna a 2012 na ƙanana a 2015. In dokarku ta hana, ka rubuta abin da ka gani da ranar da wurin, ka kai wa hukumar lafiya ko ta kare masu saye, in shagon kusa da makaranta yake ka sanar da shugaban makarantar da ƙungiyar iyaye su sa hannu a takardar tare da kai.