Saƙo ɗaya, amsa daban: inda ɗalibai ke kuskure kan ƙwayoyin garkuwar jiki

Wata ɗaliba a nan Jos ta same ni rai a ɓace. Ta ɗiga sinadarin TNF, ɗaya daga cikin saƙonnin garkuwar jiki, a kan ƙwayoyin jiki iri ɗaya cikin faranti ɗaya. Wasu suka amsa, wasu ko gezau. Ta ce, "Malam, na ɓata aikin." Ba ta ɓata komai ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton tunda DNA ɗinsu ɗaya, dole amsarsu ta zo ɗaya. Ka haifi ɗa, ba ka haifi halinsa ba. Wata ƙwayar tana da ƙofofin karɓar saƙo da yawa a fatarta, wata kaɗan. Wata tana shirin rabuwa biyu, hankalinta na can. Kuma ƙwaya ba ta karanta umarnin da ke cikin DNA a jere kamar ruwan famfo. Takan karanta ne kaɗan, ta tsaya, ta sake. Abin da ta taɓa gani a baya ma yana tasiri: ƙwayar makrofej (ƙwayar garkuwar jiki mai haɗiye ƙwayoyin cuta) da ta sha haɗuwa da gubar bakteriya takan rage amsa a karo na gaba.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne dogaro da matsakaicin sakamako. A niƙe ƙwayoyi miliyan guda a auna, a ce "sun amsa rabi-rabi". Alhali binciken da aka wallafa a 2010 ya nuna idan TNF ya yi kaɗan, adadin masu amsawa ne ke raguwa. Ƙwaya ko ta kunna ko ta yi shiru. Gyaran shi ne a duba su ɗaya bayan ɗaya, da irin na'urar da ake ƙirga ƙwayoyin garkuwar jiki na CD4 a asibitocinmu, ko da madubin likita.

Wani kuskuren kuma shi ne auna sau ɗaya a tashi. Furotin NF-κB, wanda aka gano a 1986, shi ke isar da saƙon TNF cikin cibiyar ƙwaya, inda DNA yake: yana shiga ya fita, ya sake komawa. Ka leƙa lokacin da ya fita, sai ka rubuta "babu amsa". A auna a lokuta da dama.

Kada kuma a manta da maƙwabta. Kamar kiran asuba ne: wasu muryar ladan ke tashinsu, wasu sai an buga musu ƙofa. 'Yan tsirarun ƙwayoyi kan fara fitar da intaferon, wani saƙon garkuwar jiki, su tayar da na kusa. Don haka cunkoson farantin ma a rubuta shi cikin littafin aiki.