Yadda Ake Fahimtar Ƙa'idojin Tikitin Zagaya Duniya

Matafiyi daga Gombe ya fara sanin cewa jirgin da zai kai shi Abuja ba ya cikin tikitin zagaya duniya, wato tikiti guda da ya haɗa jerin tafiye-tafiyen jirgi da ke kewaya duniya, domin kamfanonin jiragen cikin gida ba sa cikin Star Alliance ko oneworld, ƙawancen kamfanonin jiragen sama da ke sayar da irin wannan tikiti. Tafiyar za ta fara kuma ta ƙare a ƙasa ɗaya, kuma idan ka nufi gabas, to gabas za ka ci gaba da bi, kana tsallake Tekun Pasifik da na Atlantika sau ɗaya kowannensu. Ka ƙirga zangonka, wato kowace tafiya daga wani birni zuwa wani, da kyau, kada su wuce 16, saboda ko tazarar da ka yi a mota tsakanin birane biyu ana lissafa ta zango guda. Wa'adin tikitin shekara ɗaya ne.